Yadda za ku koya wa yaro haɗa baƙi a gida, daga sauti har zuwa jimla

Wata ranar Alhamis 'yar ƙanwata, wadda a lokacin take aji uku na firamare, ta ɗauko littafinta ta ce za ta yi mini karatu. Ta buɗe shafi, ta ɗora yatsa, ta zubo shi tiryan-tiryan ba gargada. Uwarta na gefe tana murmushi. Ni kuwa abin da na lura da shi, yatsan yana layi na biyu, bakin ya kai layi na biyar, idonta kuma yana kan fuskata. Da ta gama na sa mata albarka, sannan na yagi bayan kwalin sabulu na rubuta kalma ɗaya, "kaza", na miƙa mata. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "Kawu, ba a biya mana wannan ba."

Yarinyar da ke haddace shafi guda daga ji sau biyu ko uku, ai kanta na ja. Mabuɗin ne ba a ba ta ba: sanin cewa kowane harafi yana ɗauke da sauti, in ka jera sautukan ka haɗa su kalma za ta fito ko da ba ka taɓa ganinta ba. Shi ne haɗa baƙi, wanda makarantun kuɗi ke kira foniks. Kuma irinta suna da yawa. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, yara 7 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Da yawansu kullum suna zuwa makaranta.

Kakanninmu ba su yi sake da wannan mataki ba. A makarantar allo yaro ba ya tsallake babbaƙu: sai ya san baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, sannan farfaru inda ake sa musu wasali, sannan ya fara haɗa su. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ita ce dai wannan, a rubutun boko, kuma ba ta buƙatar fiye da minti 15 a rana.

Ku fara da Hausa

Na san iyaye da yawa za su ɗaga gira a nan, musamman masu biyan kuɗin makaranta don yaro ya ji Turanci. Amma ku duba aikin da ke gaban yaron. In kun fara shi da Turanci, kaya biyu kuka ɗora masa lokaci guda: koyon yadda harafi ke zama sauti, da koyon harshen da bai sani ba. Ko ya haɗa kalmar daidai, ba shi da yadda zai gane ya dace, tunda ba ta nufin komai a wurinsa. Da Hausa kuwa, yana cewa "na... ma", sai ka ga fuskarsa ta washe: "Nama!" Wannan washewar ita ke dawo da shi kan tabarma gobe.

Ga kuma sauƙin rubutunmu. Turanci yana da haruffa 26 da ke ɗaukar sautuka kusan 44, harafi ɗaya ya yi wannan sauti a nan, ya sauya a can. A Hausa, in ban da tsawon wasali da karin sauti da ba a rubutawa, abin da ka gani shi za ka faɗa. Yaron da ya gane dabarar a Hausa ba zai sake koyonta ba, ɗaukarta zai yi ya shiga Turanci da ita.

Mataki na farko: kunne kafin ido

Daga shekara 3 zuwa 4 babu biro, babu takarda. Aikin duka na kunne da baki ne, kuma uwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya shi sarai.

Ku fara da tafa gaɓoɓi. A kira sunan yaron ana tafi: A-mi-na, tafi uku. Mu-sa, tafi biyu. Sannan kayan gida: tu-kun-ya, mu-ci-ya, lu-da-yi, ta-bar-ma. In kina tsintar wake, ba shi 'yan ƙwayoyi ya riƙa ajiye ɗaya a kan kowace gaɓa, ya ƙirga. Bayan kwana biyu ku juya wasan: ke ki faɗi kalmar a rarrabe, shi ya haɗa. "Je ka ɗauko mini bu... ta." In ya dawo da buta, ya yi haɗin farko a rayuwarsa ba tare da ya ga harafi ko ɗaya ba.

Daga nan sai sautin farko. "Wa zai gaya mini abin da ya fara da mmm a gidan nan?" Madara, muciya, masara, Mama. Ku ja sautin sosai ya ji shi. Wasan ya fi armashi a hanyar kasuwa ko lokacin wanka, kuma yayye sukan shigo da kansu.

Akwai wasa ɗaya da nake so ƙwarai, wanda ya yi kama da zaurancen da yara ke yi a dandali: juya gaɓa. Riga ta koma gari. Nama ya koma mana. Bara ta koma raba, masu ya koma suma. Yaron da ya iya wannan ya gane cewa kalma guntaye ce da ake warwarewa a sake ɗaurawa, kuma nan ne gindin karatu yake. Ku ƙara da karya harshe irin su "turmi ture kura, kura ture turmi", da kacici-kacici, da tatsuniya. Kada ku raina tatsuniyar dare. Daga ita yaro ke tara kalmomin da zai tarar a littafi, ya kuma saba da cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙurunƙus.

Mataki na biyu: haruffa, amma da sautinsu

Wajen shekara 4 zuwa 5, in tafin gaɓa da sautin farko sun zauna, sai a fito da haruffa. Kayan aikin duk suna gida: kwalin taliya ko na sabulu a yanka murabba'i kamar tafin hannun yaro, biron maka ko gawayi, faranti mai yashi, da tsinke na nuni irin na makarantar allo. Ku rubuta harafi ɗaya a kowane kati, babba-babba, da ƙananan baƙaƙe, domin su ne suka cika littafi. Manyan baƙaƙe za su zo daga baya, a fara da na sunansa. In kuna da kala biyu, wasula su zama ja, baƙaƙe baƙi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake. Waƙar "e, bi, si, di" sunayen haruffa ce da Turanci, kuma suna ba ya haɗuwa. Yaron da aka koya wa "em" da "e", in ya ga ma zai ce "em-e", ya tsaya. Abin da za ku ba shi shi ne sautin: wannan mmm ne, wannan aaa ne. Ku kula kada ku liƙa wa baƙin wasali a wutsiya. In kuka ce sautin m shi ne "ma", ranar da ya ga mu zai ce "ma-u".

Kada kuma ku bi jerin abacada daga a zuwa z. Ku zaɓi haruffan da za su ba da kalmomi da wuri. Ni da waɗannan nake farawa: a, n, m, k, sannan i da u. Dalilin n da m shi ne ana iya jan su ba tare da an yanke numfashi ba, ga su kuma ko'ina a cikin Hausa. Da haruffa huɗun farko kaɗai akwai nama, mama, kaka, kama, nan, kan, mana. Bayan su sai s, r, t, y, w, l, da wasulan e da o. Harafi biyu a mako ya isa. In uku suka shiga ba wahala, to, madalla.

Ga yadda ake gabatar da kowane sabon harafi. Ku ɗaga katin ku faɗi sautin sau uku, ya maimaita. Ku ba shi kalma ɗaya da zai riƙa tuna harafin da ita, kada ku sauya ta: n na nono, k na kaza, m na masara. Ya bi siffar da yatsa a kan katin yana faɗin sautin, sannan ya zana a cikin yashi. Yashi ya fi takarda a wannan shekarun, don in ya kuskure sai a girgiza farantin, ba abin da ya rage da zai sa shi jin kunya. A ƙarshe ya je farautar harafin a buhun shinkafa, gwangwanin madara, ko kalandar bango.

Mataki na uku: haɗawa

Nan ne yara da yawa ke maƙalewa, nan ne kuma ya kamata ku fi yin haƙuri. Yaro zai iya sanin sautin kowane harafi amma ya kasa haɗa biyu. Zai ce "m", ya ce "a", ku ce "to haɗa", ya yi shiru ko ya ce "am". Kada ku ce ya cika wasa. Tsalle ne babba a ƙwaƙwalwa, wani ya yi shi a kwana uku, wani sai ya yi wata.

Ku zauna gefe ɗaya da shi, kada ku fuskance shi, don ya ga katunan yadda kuke ganinsu. Ku ajiye m a hagu, a a dama, da tazarar taƙi guda a tsakani. Ku ɗora yatsa a kan m ku fara jan sautin, kuna tura katin a hankali zuwa wurin a, kada muryar ta yanke har katunan su haɗu: mmmmaaaa. Ku sake, da ɗan sauri. Ku sake, har ya zama ma. Sannan shi ya tura katin da hannunsa. Sirrin duka yana cikin rashin yanke muryar. In aka yi shiru tsakanin sautukan biyu, kafin yaro ya kai na biyu na farkon ya zube.

Da ma ta zauna, ku bar m a wurinsa ku riƙa sauya wasalin: ma, mi, mu. Sannan ku bar wasalin ku sauya baƙin: ma, na, ka. Yaron da ke zuwa Islamiyya zai gane wannan da wuri in kuka tuna masa cewa abin da fataha da kisira da rufu'a ke yi wa baƙin Larabci ne. Sai dai a nan ku tsaya a kan abu ɗaya: Larabci daga dama yake farawa, boko daga hagu. Yaran da ke karatu biyun sukan karanta ma su ce "am". Ku ɗiga jan tabo a gefen hagu na takarda ko allo, ku ce masa, "Boko daga wurin tabo yake tashi."

Baƙaƙe irin su k, t, b, d ba sa januwa. Kada ku wahalar da kanku wajen furta su su kaɗai. Ku ce wa yaron ya shirya bakinsa kamar zai faɗi baƙin, sai ya saki da wasalin: ka, ki, ku. Hausa harshe ne na gaɓa, da zarar an kai nan aiki ya yi sauƙi.

Hattara da rera "ba, be, bi, bo, bu" a jere. Yana da daɗin ji, amma cikin kwana biyu yake komawa hadda, yaro ya rera idonsa na kan ƙofa. Ku riƙa nuna gaɓoɓin a hargitse: bu, ba, bo, bi. In ya faɗa daidai a hargitse, to gani yake yi.

Mataki na huɗu: kalma, jimla, da shifta

Yanzu ku yi katunan gaɓoɓi: na, ma, ka, ni, mi, ki, nu, mu, ku. Ku jera biyu ya karanta: na-ma, ku-ka, ku-nu, ka-ka. Bayan kowace kalma ku tambaye shi, "Mene ne wannan? Nuna mini." Tun daga ranar farko ya san cewa ana karatu ne don a ji abin da aka ce.

Kada ku jira haruffa su cika kafin a shiga jimla. Da shida ɗin farko ma ga abin da za a rubuta: Kaka na nan. Ina nama? Nana na kuka. Muna nan. An kama Amina. A nan ne za ku nuna masa babban baƙi a farkon jimla da farkon suna, da aya a ƙarshe inda ake tsayawa a numfasa, da alamar tambaya. Ƙa'idar ita ce kada ku sa harafin da ba a koya ba a cikin abin da za ku ce ya karanta. Duk sanda kuka sa, kun tilasta masa cinta.

In ya kuskure, kada ku yi saurin faɗa masa kalmar. Ku mai da tsinke kan harafin da ya ɓata, ku ce, "Duba wannan. Wane sauti ne?" Ku ƙirga biyar a zuci kafin ku sake magana. Shirun nan yana yi wa manya nauyi, amma a cikinsa yaron ke aiki. In ya gyara, ya koma farkon jimlar ya karanta ta gaba ɗaya. Yabon kuma ya zama na abin da ya yi: "Madalla, ka lura u ne ba a ba." Ya fi "yaro mai ƙoƙari" amfani, don ya gaya masa abin da zai maimaita.

Sai shifta, wadda ita ce haɗa baƙi a juye. Ku faɗi kalma, ya tafa gaɓoɓinta, ya nemo katunan ko ya rubuta. Kalma uku a rana ta isa. Ku ware littafi ɗaya na shifta kuna sa kwanan wata, zai yi muku amfani gaba.

Don ku tabbatar ba hadda ake yi ba, lokaci-lokaci ku jefa masa kalmar da babu ita, kamar nuki ko minu, ku ce sunan wani dodo ne a tatsuniya. A Ingila tun 2012 ana yi wa yaran ajin farko na firamare gwajin kalmomi 40, rabinsu irin waɗannan na ƙirƙira, saboda ba a iya haddace su. Wanda ya karanta su, haɗawa ya yi.

Zaman kullum yakan kasance haka: minti 2 na bitar katunan da aka sani, minti 3 ko 4 na sabon abu, minti 5 na karanta kalmomi da jimloli, sauran na shifta. Ku zaɓi lokacin da cikinsa ke ƙoshe kuma ba a kan hanyar Islamiyya yake ba. Ku tashi tun yana son a ci gaba. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar, yau da gobe ai ta fi ƙarfin wasa. Bulala kuwa ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Yaron da ke tsoro fuskarku yake karantawa yana neman amsa, ba takardar ba.

Mataki na biyar: masu ƙugiya, masu goyo, da rufaffiyar gaɓa

Ku raba b da d da aƙalla mako biyu ko uku, sai ɗaya ya zauna kafin ɗayan ya shigo. Juya su abu ne da yawancin yara ke yi har wajen shekara 7. In rikicin ya daɗe, ya dunƙule hannuwansa biyu ya ɗaga manyan yatsu, dunƙulen na fuskantar juna: na hagu b, na dama d.

Bayan su sai ɓ, ɗ, ƙ da 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. Ku koya su a matsayin haruffa masu zaman kansu, da tagwayen kalmomi da yaro zai ji bambancin da kunnensa: baki da baƙi, kafa da ƙafa, gaba da gaɓa, daka da ɗaka, kara da ƙara. Ku rubuta biyun, ku faɗi ɗaya, ya nuna. A nan ina roƙon iyaye: mun saba a WhatsApp muna zubar da ƙugiya don mu mun san abin da ake nufi. Yaro mai koyo bai sani ba. Duk abin da za ku rubuta masa, ku sa ƙugiyarsa. A waya ma, in kuka ƙara Hausa a Gboard, wato madannin rubutu na waya, haruffan suna nan.

Sh da ts haruffa biyu ne masu sauti ɗaya, don haka kati ɗaya za ku yi wa kowanne: shayi, shanu, tsaka, tsintsiya. Ku gwada masa saka da tsaka, sara da tsara. Haka ma baƙaƙe masu goyo: kw na kwano, gw na gwanda, ƙw na ƙwai, ky na kyanwa, gy na gyaɗa, ƙy na ƙyalle. Tagwayen wasula ai da au ba sa ba da wuya: kai, rai, yau, ƙauye. Hamza kuma ku nuna masa ita a sa'a da jama'a, wurin da murya ke ɗan tsayawa.

Abin da ya fi waɗannan cin lokaci shi ne gaɓar da ke ƙarewa da baƙi. Yaron da ya saba da ka-ka da na-ma, in ya ga turmi zai ce "tu-ru-mi", ya ga kasko ya ce "ka-sa-ko". Ku koma kan katuna: ya karanta tu, ku turo r a bayanta, tur, sannan mi. Ku yi ta yi da ganga, sanda, murhu, tambaya. Daga nan baƙi mai ninki ya zo da sauƙi, tunda raba shi ake yi gida biyu: bab-ba, san-nu, han-nu. Baba da babba, suna da sunna, za su nuna masa cewa ninkin ba ado ba ne.

Akwai kalmomin da rubutunsu ɗaya amma furucinsu daban, kamar gari na tuwo da gari na mutane, kuka ta miya da kukan jariri, wuya na jiki da wuya ta aiki. Kada ku shiga dogon bayani. Ku sa kalmar a jimla, ku ce ya karanta har ƙarshe sannan ya zaɓi wadda ta dace. In kuma a gidanku Sakkwatanci ko Katsinanci ake yi, yaron da ke cewa "hwara" zai ga fara a littafi. Ku gaya masa haka ake rubutawa, kada ku sa ya ji kamar maganar gidansu kuskure ce.

Mataki na shida: abin karantawa

Littattafan yara na Hausa ba su wadata a kasuwa ba, don haka ku yi naku. A ninke takarda huɗu a ɗinke da zare, yaron ya ba da labarin, ku rubuta jimla ɗaya a kowane shafi, shi ya yi zane. Labarin akuyar gidan ko na ranar sallah ya fi kowane littafin saye shiga ransa. Masu waya za su sami gajerun labarai na Hausa kyauta a shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ku zauna tare da shi, kada ku miƙa masa wayar ku tashi.

Rubutu kuma yana ko'ina in an sa ido. Takardar naira 20 da ta 50 suna ɗauke da "Naira ashirin" da "Naira hamsin" da boko tun sauyin 2007. Ga rubutun bayan manyan motoci da na Keke Napep, ga allunan shaguna. Ki rubuta masa cefane a takarda, gishiri, albasa, tumatir, ya karanta wa mai shago da bakinsa. Ranar da 'yar ƙanwar tawa ta tsaya a bakin titi ta haɗa "Allah ya kiyaye" a bayan wata tirela, sai da ta ja rigata ta sake karantawa sau biyu kafin motar ta wuce.

Labari ɗaya a karanta shi sau uku a kwanaki daban-daban. Na farko zai fito da gargada, na biyu ya sassauta, na uku ya fara kama da magana. A karon farko ku rufe hoton da tafin hannu har ya gama jimlar, sannan ku buɗe ya gani ko ya dace. Bayan karatu ku yi tambaya biyu ko uku: wa aka ambata, me ya faru, kai da me za ka yi? Kuma kada ku daina karanta masa abin da ya fi ƙarfinsa don ya fara karatu da kansa. Kunnensa yana gaban idonsa da shekaru.

Uwa ko uban da bai yi boko ba, kada ya janye jiki. Matakin farko duka naku ne. Katunan kuwa yaya ko maƙwabci zai rubuta, ku ku zauna ku ce, "Karanta mini in ji." Kuna jin Hausa, in abin da ya faɗa bai yi ma'ana ba za ku gane, ku ce ya sake dubawa. Iyaye maza kuma, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Minti goma a kan tabarma bayan isha'i, yaro ba ya manta shi.

Mataki na bakwai: shiga Turanci

In yaro ya iya karanta gajeren labarin Hausa shi kaɗai ya ba da shi da bakinsa, ƙofa ta buɗe. Yawancin baƙaƙen sautinsu ɗaya ne a harsunan biyu: m, n, s, t, b, d, k, l. Abin da za ku tsaya a kai shi ne inda suka rabu. Harafin c na cokali, a Turanci yakan zama k kamar a cat. P da v da x da q babu su a abacadar Hausa. Wasula kuma sukan sauya murya, u na cup ba u na kunu ba ne.

Makarantu da yawa a Najeriya suna bin tsarin Jolly Phonics, wanda ke farawa da s, a, t, i, p, n. Ku tambayi malamin ajin inda suka kai, ku bi sawunsa da kalmomi irin su sat, pin, tap. Kafin ya karanta kalma, ya san ma'anarta da baki, ku nuna masa abin ko ku kwatanta. Don raba p da f, ya riƙe 'yar takarda a gaban leɓensa: in ya ce pan leɓuna na haɗuwa iska ta fashe takardar ta yi tsalle, in ya ce fan haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Zai kuma so cusa wasali tsakanin baƙaƙe, yadda muka mai da bread burodi, ya ce "sitof" a wurin stop. Ku ja s ɗin ku faɗa kan t kai tsaye. Kalmomi irin su the, said da was ba sa bin ƙa'ida gaba ɗaya, ku ba shi biyu ko uku a mako, ku nuna masa ɓangaren da ya saɓa.

In abin ya ƙi tafiya

Ku koma baya mataki ɗaya. Sau da yawa wanda ya kasa haɗa haruffa bai gama haɗa gaɓa da kunne ba, mako biyu na wasan "bu... ta" sai ya warware. Kada ku auna shi da yayansa ko ɗan maƙwabta a gabansa.

Amma ku sa ido a kan jiki. Yaron da kunnensa ke yawan ciwo ko zubar da ruwa, ko wanda sai an kira shi sau uku yake juyowa, a kai shi asibiti a duba jinsa, don ba zai raba kafa da ƙafa ba in ba ya jin su sosai. Wanda ke kanne ido ko manna fuska a takarda, a auna idonsa. In ji da gani lafiya lau, kun kuma yi wata shida kuna zama kullum amma sautin da aka koya jiya ya ɓace yau, alhali a sauran al'amura yaron yana da kaifi, akwai yiwuwar disleksiya ce, wato matsalar da ke wahalar da koyon karatu da rubutu. Ba ta da alaƙa da daƙiƙanci ko lalaci, kuma wannan hanyar ta sauti ita ce ke taimakon masu ita, sai dai a hankali, da maimaici mai yawa. Ku je wurin malaminsa da littafin shiftar nan mai kwanan wata, ku nuna masa haruffan da ke dawowa da kuskure, ku nemi ya zaunar da shi a layin gaba, ku kuma daidaita haruffan da za ku riƙa bita a gida da waɗanda ake yi a aji a makon.